Neman shawara kan jawabin tunawa da surukina mai son wasan besbol

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena. Ina neman shawararku a kan wani nauyi da aka ɗora mini wanda ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Allah ya yi wa surukina, mahaifin matata, rasuwa a watan da ya gabata a nan New York, yana da shekara 81 a duniya. Baƙar fata ne ɗan Amurka, haifaffen Brooklyn, ya musulunta a ƙarshen shekarun 1970, kuma an yi masa wanka da salla an kai shi makwancinsa washegarin rasuwarsa kamar yadda addini ya tanada. Sai dai yawancin danginsa Kiristoci ne, da yawansu suna zaune a jihohi masu nisa, ba su samu halartar jana'izar ba saboda gaggawar da aka yi. Don haka 'ya'yansa suka yanke shawarar haɗa taro guda a wani zauren unguwa, inda dangi da abokan aikinsa na gidan waya da yaran da ya horar za su haɗu su tuna da shi. Matata da 'yan'uwanta sun nemi in kasance cikin masu magana, an ba ni kamar minti biyar.

Duk wanda ya san Baba, wato yadda nake kiransa tunda bakina bai taɓa iya furta sunansa ba, ya san shi da masallaci da iyali da kuma wasan besbol. Dangin sun ce so suke a yi maganar wasan sosai, har sun roƙi kowa ya zo da hular ƙungiyar Mets a kansa. Tun yana yaro yake goyon bayan Brooklyn Dodgers, da suka bar garin sai ya koma wa Mets, bai sake su ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yaran unguwa kyauta bayan ya taso daga aiki, kuma 'ya'yansa huɗu duk sun bi ta hannunsa a fili, har da matata. Lokacin da surukata ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, shi ya yi jinyarta da kansa, yana zaune gefen gadonta da 'yar rediyo yana sauraren wasa ƙasa-ƙasa, yana rubutu a littafi.

Ni a Maraɗi na tashi, ban san wasan ba sai da na auri 'yarsa. Da farko kunyar surukuta ta hana ni cin abinci a gabansa ko zama kusa da shi, shi kuma ya ɗauka ƙinsa nake yi, har ya tambayi 'yarsa ko ya yi mini wani laifi ne. Da ta bayyana masa al'adarmu bai ce mini komai ba, sai ya sayi tikiti biyu ya kai ni filin wasa a Queens, ya zaunar da ni kusa da shi, ya miƙo mini ƙullin gyaɗa, ya yi ta bayyana mini abin da ke gudana har aka tashi. Daga ranar muka saba. Duk da haka fahimtata ga wasan kaɗan ce har yau. Ya bar kwali guda cike da litattafan da yake rubuta sakamakon wasanni a ciki, da lambobi da alamomin da ba na ganewa, kuma a wasiyyarsa ya ce a bai wa ɗana na fari, mai shekara tara.

Shin ya dace Musulmi ya tsaya a taron tunawa da mamaci yana maganar wasa, alhali abin da muka sani a gida shi ne addu'a da haƙurtar da juna? Idan ya dace, me zan faɗa a gaban mutanen da suka fi ni sanin wasan da mamacin nesa ba kusa ba? Sannan yaya zan yi da litattafan nan? Allah ya saka muku da alheri.

Wani dattijo mazaunin Bronx:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin jure rashinsa. Ɗana, ni ba malami ba ne, hukuncin addini na bar wa masu shi. Abin da zan iya ba ka shi ne abin da na koya daga tsofaffin garin nan, domin tun shekarun 1980 nake tuƙin tasi a New York bayan na baro zangon Kumasi, kuma sa'o'in surukinka da yawa sun zauna a bayan motata sun ba ni labarin matsayin Dodgers a zukatansu.

Ka fara da lissafin shekarunsa. Yana ɗan ƙaramin yaro a Brooklyn ranar 15 ga Afrilu, 1947, lokacin da Jackie Robinson ya shiga fili sanye da rigar Dodgers mai lamba 42. Kafin wannan rana an shafe fiye da shekara 60 ba a bar baƙar fata ya buga a manyan gasannin besbol ba, sai dai su yi nasu daban, a gasannin da Rube Foster ya kafa ta farko mai ɗorewa a cikinsu a 1920. Ka tuna cewa kotun ƙolin Amurka ba ta haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe ba sai a 1954, wato filin wasa ya riga makaranta buɗe ƙofa da shekara bakwai. Robinson ya sha zagi daga 'yan kallo da abokan hamayya, an aika masa wasiƙun barazanar kisa, kuma ya yi wa shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, alkawarin ba zai rama ba a shekarunsa na farko. Bayansa Roy Campanella da Don Newcombe suka shigo ƙungiyar. Saboda haka yaro baƙi da ya tashi a Brooklyn a wancan zamani, idan ya ce yana son Dodgers, yana faɗar abin da ya wuce buga ƙwallo, domin a nan ne ya fara ganin mutum mai irin fatarsa yana tsaye a gaban dubban farare ana tafa masa.

Ƙungiyar nan ta koya wa magoya bayanta haƙuri kuwa. Sau biyar Yankees, wata ƙungiyar New York, suna doke su a gasar ƙarshe ta shekara, wato World Series, a 1941 da 1947 da 1949 da 1952 da 1953, har mutanen Brooklyn suka mayar da "sai baɗi" kirarinsu. Ranar 4 ga Oktoba, 1955 suka rama, suka ci Yankees biyu da nema a filin Yankees ɗin, nan unguwarmu ta Bronx, kuma wannan ne kofi ɗaya tak da suka taɓa ɗauka suna Brooklyn. Surukinka yana da kimanin shekara 11 a ranar. Shekara biyu bayan haka, da aka gama kakar 1957, mai ƙungiyar Walter O'Malley ya kwashe ta ya kai Los Angeles, a 1960 aka rushe filinsu na Ebbets Field aka gina dogayen gidajen haya a wurin. Na ɗauki tsofaffin da idan muka bi ta gefen gidajen nan sai su yi shiru, wasu kuma su fara tsine wa O'Malley kamar jiya abin ya faru.

Mets an kafa ta ne a 1962 domin ta cike gurbin Dodgers da Giants, waɗanda suka bar garin a lokaci guda, shi ya sa launinta shuɗi na Dodgers ne, ruwan lemon kuma na Giants. A shekararta ta farko ta sha kashi a wasa 120, amma marayun Brooklyn suka rungume ta a haka, har ta ɗauki kofi a 1969 a ƙarƙashin Gil Hodges, wanda shi ma tsohon ɗan wasan Dodgers ne. Filin da ya kai ka a Queens, idan ka lura, an ƙera fuskarsa ne da kamannin Ebbets Field, kuma babban zauren shigarsa sunan Jackie Robinson yake ɗauke da shi. Ta wannan ƙofa ya shigar da kai.

Shawarata ita ce kada ka tsaya kana karanta musu wannan tarihi, domin sun fi ka saninsa, wasunsu a cikinsa suka rayu. Ka san shi a ranka kawai, yadda idan ka ga tsohuwa ta sa hular nan tana hawaye ba za ka ɗauka wauta ce ba.

Wani ɗan'uwa daga Kano:

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya sa mu cika da imani. Malam, da girmamawa ga dattijon da ya yi magana kafina, ni ina ganin a bar wannan taro gaba ɗaya. An yi masa salla, an binne shi, an karɓi gaisuwa kwana uku, to abin da ya rage masa a wuyanku shi ne addu'a da sadaka da biyan bashi idan akwai. Mamaci ba ya amfana da hula ko labarin wanda ya ci kofi a 1955. Kuɗin zauren da na abincin, da an haɗa su an haƙa rijiya da sunansa a wani ƙauye na Maraɗi, da ya fi masa amfani a inda yake yanzu. Ina tsoron kada son faranta wa dangi ya ja ka ka kwaikwayi abin da ba namu ba, gobe kuma 'ya'yanka su ɗauka haka ake yi. Idan ba za ka iya hana taron ba, to ka ba da uzuri a kan jawabin, ka zauna a baya ka yi masa addu'a a zuciyarka.

Wani malami mai koyar da fiƙihu:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa musuluncinsa ya zama hujja a gare shi. Ɗan'uwanmu na Kano ya faɗi gaskiya a kan abin da ya fi amfanar mamaci, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku, sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Amma ina ganin ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe.

Abin da shari'a ta hana a fili shi ne kururuwa da yaga tufafi da nuna rashin yarda da ƙaddara, da kuma kirarin jahiliyya, inda ake ƙirga wa mamaci bajintar da ba tasa ba don alfahari. Ambaton halinsa na gari da gaskiya wani abu ne daban. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta da alheri, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta wajaba, sannan ya bayyana musu cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Idan ka tashi ka ce wannan mutum ya riƙe matarsa a ciwonta, ya tarbiyyantar da 'ya'yansa, ya ba yaran maƙwabta lokacinsa ba tare da an biya shi ba, shaida ka bayar. Kasancewar filin besbol ne wurin da ya yi yawancin wannan alheri bai rage wa shaidar komai ba.

Game da taron kansa, malamai sun yi saɓani a kan taruwa saboda mamaci bayan kwanakin ta'aziyya, kamar yadda kowa ya san saɓanin da ke tsakaninmu a gida a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Wanda ya ƙi yana da magabata, wanda ya sassauta ma yana da su. Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne ba a ɗauki wannan zama a matsayin ibada ba, ba a ƙayyade masa rana ta addini ba, kuma ba a yi niyyar maimaita shi duk shekara ba. Dangi ne da ba su samu jana'iza ba suke son su haɗu da 'ya'yansa. Wannan ya fi kusa da sada zumunci, kuma matarka tana da haƙƙin zumunci a kan gwaggwanninta da kawunnanta ko da addini ya bambanta. Akwai ma wata maslaha da nake so ka duba. Mai yiwuwa wasu daga cikin dangin nan sun ji zafin saurin binnewar, suna ganin an ƙwace musu ɗan'uwa ba su yi sallama da shi ba. Idan surukinsa Musulmi ya ƙi zuwa ko ya ƙi buɗe baki, wannan zato zai ƙara ƙarfi, idan kuwa ya tashi ya yi magana mai daɗi, ya bayyana a jimla biyu cewa gaggauta jana'iza girmamawa ce ga mamaci a wurinmu, to ya cire musu ƙaya.

Sharuɗɗan da zan ba ka su ne ka faɗi gaskiya ba ƙari, kada ka yanke masa Aljanna da bakinka, ka yi fata ka roƙa masa, kuma idan dangin suka yi tasu addu'ar bisa addininsu ka zauna cikin natsuwa ba tare da ka shiga ciki ba. Zai yi kyau ku sanar da limamin masallacin da yake salla, wanda ya san shi ya san dangin fiye da mu da ke nesa. Maganar rijiya kuma kada a yar da ita, ana iya yin duka biyun. Game da litattafan, jika ta wajen 'ya mace ba ya cikin magada a nan tunda 'ya'yan mamacin suna raye, don haka wasiyya gare shi ta halatta matuƙar ba ta wuce sulusin dukiya ba, kuma kwalin litattafai ba zai kai nan ba. Na yaron ne, ku riƙe masa amana.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya a Chicago:

Yaya, sannunku da haƙuri, ka isar mini da gaisuwa ga matarka, Allah ya jiƙan Baba. Na halarci irin waɗannan tarurruka saboda aikina, don haka bari in gaya maka yadda suke gudana. Mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba da ɗan labari, a yi dariya a yi kuka, sannan a ci abinci. Dariyar ce za ta fi ba ka mamaki, amma a wurinsu ba raini ba ce ga mutuwa. Wanda ya fi taɓa zukata a irin wannan zama shi ne wanda ya kawo labari guda ɗaya da babu mai shi sai shi, ya faɗe shi a sauƙaƙe ya zauna. Wanda ya zo da jerin sifofi, mutumin kirki ne, mai haƙuri ne, mai son iyali ne, kafin ya koma kujerarsa an manta abin da ya ce.

Kai kuwa labarinka yana hannunka, ka riga ka rubuta mana shi. Babu wani a zauren nan da zai iya ba da labarin surukin da ya zo daga Nijar yana jin kunyar cin abinci a gaban mahaifin matarsa, da tsohon da ya ji ciwon hakan, ya bincika, sannan ya nemi mafita ta hanyar da ya fi sani. Ka bayyana musu a taƙaice cewa a wurinmu nisantar suruki girmamawa ce, za su yi dariya, sannan ka gaya musu abin da ya yi. Ba ka buƙatar sanin dokokin wasan kafin ka faɗi wannan, rashin saninka ma yana cikin daɗin labarin. Ka rubuta shi a takarda da manyan baƙaƙe, ka karanta wa matarka tun a gida domin kada ta fara jinsa a gaban jama'a, kuma ka auna lokacin, saboda minti biyar bai wuce shafi ɗaya da rabi ba idan mutum yana magana a hankali.

Game da yadda suke haɗa wasan nan da mamatansu, na ga abin da idona a nan Chicago. Ƙungiyar Cubs ta shafe shekara 108 ba ta ɗauki kofi ba, daga 1908 har zuwa watan Nuwamba na 2016. Da suka ci, mutane suka yi ta zuwa filin Wrigley da alli suna rubuta sunayen iyayensu da kakanninsu a jikin bangon bulo, waɗanda suka rayu suka mutu suna jiran wannan rana. Dalilin a ganina shi ne kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, kusan kullum daga bazara zuwa kaka, kuma wasan yana tafiya a hankali, akwai sararin hira tsakanin jifa da jifa. Uba da ɗa suna zama awa uku gefe da gefe, kamar yadda a gida uba yake koya wa ɗansa duniya suna cikin aikin gona, ba tare da an ce zo mu zauna mu yi magana ba. Idan uban ya tafi, wasan ne yake tuna musu da muryarsa.

Maganar hula kuma, ba dole ba ne ka sa idan ranka bai kwanta ba. Ka sa kaftaninka da hularka ta gida, ka bar yaran su sa ta Mets, kai kuma ka riƙe tasa a hannu lokacin da kake magana idan matarka ta yarda. Sannan ka kula da ita bayan taron fiye da lokacinsa, domin sau da yawa sai baƙi sun watse ne rashin yake sauka a kan mutum.

Wani matashi da ya tashi a Greensboro:

Kawu, Allah ya jiƙan Kaka, ya ba ku haƙuri. Iyayena 'yan Damagaram ne amma a nan aka haife ni, na buga besbol tun ina firamare, don haka zan taimaka ta wajen litattafan. Wasan a taƙaice shi ne ƙungiya biyu, kowace da mutum tara a fili, ana yin zagaye tara. A kowane zagaye ƙungiya ɗaya tana bugu, ɗayar tana tsaro, har sai an fitar da mutum uku sannan a yi musanya. Mai jifa yana wurgo ƙwallo daga nisan ƙafa 60 da inci 6, mai bugu ya yi ƙoƙarin maka ta da kulki, idan ya samu sai ya ruga ya bi tashoshi uku da ke da tazarar ƙafa 90 tsakaninsu, wanda ya zagayo ya dawo inda ya fara ya ci maki ɗaya.

Abin da Kaka yake rubutawa tsohuwar al'ada ce ta masu son wasan. Kowane mai tsaro yana da lamba: 1 mai jifa, 2 mai cafka a bayan mai bugu, 3 da 4 da 5 masu tsaron tasha ta ɗaya da ta biyu da ta uku, 6 wanda ke tsakanin ta biyu da ta uku, sai 7 da 8 da 9 a can bayan fili. Idan ka ga 6-3 a cikin akwati, ma'anarsa mai lamba 6 ya tsinci ƙwallon ya jefa wa mai lamba 3 aka fitar da mai bugu. Harafin K yana nufin mai jifa ya fitar da shi ba tare da ya iya buga ƙwallon cikin fili ba, idan kuma an juya K ɗin baya, to ko kulkin bai ɗaga ba a jifa ta ƙarshe. HR shi ne bugun da ya ba shi damar zagayowa gaba ɗaya, yawanci wanda ya tsallake katanga. Idan an cike ɗan lu'ulu'un da ke tsakiyar akwatin da fensir, an ci maki. Da wannan kaɗai mutum zai iya sake karanta wasan da aka yi shekara 40 da suka wuce, mai bugu bayan mai bugu.

Ka nemi littafin 1986, ka buɗe ranar 25 ga Oktoba. Wasa na shida ne na World Series tsakanin Mets da Boston Red Sox, saura mutum ɗaya a fitar Mets su rasa kofin, sai suka farfaɗo, daga ƙarshe Mookie Wilson na Mets ya buga ƙwallo a ƙasa ta bi ta tsakanin ƙafafun Bill Buckner, mai tsaron tasha ta ɗaya na Boston, Mets suka ci wasan. Idan Kaka ya rubuta wasan, za ka ga E3 a akwatin ƙarshe, wato kuskuren mai lamba 3. Ka tambayi matarka ko yayyenta inda suke a daren nan, ina da tabbacin akwai labari. Sannan ka duba gefen shafuka, domin masu wannan al'ada sukan rubuta wanda suka je kallo tare da shi, da yanayin gari, wani lokaci har da abin da ya faru a gida ranar.

Abu ɗaya zan roƙe ka ka guje wa a jawabin. Akwai maganar da kowa yake yi a irin wannan taro, cewa gwanin mai bugu ma sau bakwai yake faɗuwa cikin goma, don haka rayuwa haƙuri ce. Gaskiya ce a lissafin wasan, amma kafin a zo kanka wani ya riga ya faɗe ta. Idan kuna son sadakar da ta dace da shi bayan rijiyar, ku tambayi ƙungiyar yaran da ya horar abin da suke buƙata. Kayan wasan nan suna da tsada, safar hannu ta fata da kulki da kuɗin rajista sun fi ƙarfin iyaye da yawa, kuma yana cikin dalilan da ake bayarwa na raguwar baƙaƙen Amurka a manyan gasanni, inda yanzu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira limamin masallacinsu kamar yadda Malam ya ce, ya amsa zai zo da kansa ya rufe taron da addu'a. Daren jiya ni da matata muka buɗe kwalin bisa bayanin ƙanenmu na Greensboro. E3 ɗin tana nan, an zagaye ta sau da yawa har fensirin ya kusa huda takardar, kuma babban wanta ya ce a daren Baba ya tashe su daga barci duka. A gefen shafuka mun samu ranakun da aka haifi jikokinsa, da ranar da aka sallami surukata daga asibiti karo na farko. Na yanke shawarar ba da labarin kunyar surukuta, in ƙara da bayanin gaggauta jana'iza. Mun kuma amince a tsakaninmu cewa za a haƙa rijiyar, 'yan'uwan matata ma sun ce za su sa hannu.

Ɗan'uwa daga Kano:

To madalla, tunda limaminsu zai halarta kuma rijiyar tana nan, na sassauta, ko da yake har yanzu da ni ne da na taƙaita abin. Saura abu biyu da nake so ka tsaya a kansu tun kafin ranar. Ka yi magana da wanda ke kula da abincin cikin ladabi, a tabbatar ba a kawo giya ko naman alade ba a taron da aka haɗa da sunan Musulmi, kuma matarka ce ta fi dacewa ta faɗa wa danginta wannan, ba kai ba. Sannan ku duba lokacin da aka sa, idan zai ci Azahar ko La'asar a tanadi ɗan wuri mai tsabta a gefen zauren da tabarma, a sanar da mutanen masallacinsa tun da wuri cewa akwai inda za su yi salla. Litattafan kuma ku ɗauki hoton kowane shafi ku raba wa sauran jikokin, domin kada wasiyyar da aka yi wa ɗanka shi kaɗai ta zama abin ƙorafi a tsakanin 'yan'uwa nan gaba.